Numfashin ciki: dabarar mutanen Japon da iyakar amfaninta

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, a wannan fitowa mun ɗauko muku maganar wani aiki wanda kowa ke yi dare da rana, a farke ko cikin barci, ba tare da ya kula ba. Aikin nan shi ne numfashi. Babban mutum mai lafiya, in yana zaune yana hutawa, yakan shaƙi iska ya fitar sau 12 zuwa 20 cikin minti guda, wato kimanin sau 20.000 ke nan a kwana ɗaya. Mutum yana iya kwanaki bai ci tuwo ba, yana iya wuni bai sha ruwa ba, amma in numfashi ya tsaya na ƴan mintoci, sai rai ya yi halinsa.

Duk da haka, a wurinmu ba a ɗauki numfashi abin koyo ba. Uba yana koya wa ɗansa riƙon hauya, uwa tana koya wa ɗiyarta riƙon taɓarya, amma da wuya a ga wanda ya zaunar da yaro don ya koya masa jan iska. A Japon, ƙasar tsibirai da ke gabas da ƙasar Sin, ɗaruruwan shekaru ke nan malamai da mayaƙa da masu magani suna nazarin numfashi, suna rubuta littattafai a kansa. Abin da suka tarar shi ne, numfashin da ya sauka har ƙasan ciki, aka kuma fitar da shi sannu a hankali, yana ƙarfafa jiki, yana kwantar da hankali. Likitocin zamani sun gwada, sun ga akwai gaskiya a ciki. Amma tarihin ƙasar ya nuna abu na biyu: waɗanda suka ɗauki numfashi maganin kowace cuta ba su ji da daɗi ba. Waɗannan abubuwa biyu za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Gonar da ke ƙarƙashin cibiya

Akwai kalmomi uku da ya kamata mu sani tun farko. Ta fari ita ce ki. A bakin mutanen Japon, ki shi ne ƙarfin rai da ke yawo cikin jiki, kuma kalmar tana cikin maganarsu ta yau da kullum. Ƙoshin lafiya suna ce masa genki, rashin lafiya byoki, yanayin sama kuma tenki. A tsohon rubutunsu, alamar wannan kalma hoton tururi ce bisa ƙwayoyin shinkafa. Kowace mace ta san tururi: ba a kama shi da hannu, amma yana ɗaga faifan da aka rufe tukunya da shi.

Ta biyu ita ce hara, wato ciki. Mutanen Japon sun ɗauki ciki mazaunin halin mutum. Wanda ya yi fushi sukan ce cikinsa ya miƙe tsaye. Mai natsuwa, wanda ba ya firgita, sukan ce cikinsa ya zauna. Mai mugun nufi kuwa, cikinsa baƙi ne. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda shi ma ya ajiye murna da damuwa a wuri guda, yana cewa farin ciki da baƙin ciki, yana kuma kiran mai ɓoye sirri mai zurfin ciki.

Ta uku ita ce tanden, wani wuri cikin mara, kamar faɗin yatsu uku ko huɗu ƙasa da cibiya. Daga ƙasar Sin kalmar ta zo, kuma gaɓa biyu gare ta: tan, magani mai daraja, da den, gonar shinkafa. Ma'anarta ke nan gonar magani. In likita ya buɗe cikin mutum ba zai ga wani nama mai wannan suna ba, amma daidai wurin ne tsakiyar nauyin jiki take in mutum yana tsaye. Sunan kansa darasi ne. Gona ba ta ba da amfani ranar da aka yi shuka, sai an bi ta da noma da maimai. Haka suka ɗauki numfashi, aikin kowace rana ne, kaɗan kaɗan.

Dattawa biyu da littattafansu

Kaibara Ekiken masanin tsirrai da magani ne, an haife shi a 1630, ya rasu a 1714. Yana da shekara sama da 80 ya rubuta littafinsa na kiwon lafiya mai suna Yojokun, wanda ya fito a 1713. Bai rubuta shi da harshen manyan malamai ba, ya yi shi da sauƙin magana don talaka ya karanta ya gane. Shawarwarinsa ba su da tsada: kada a cika ciki maƙil, a ɗan taka ƙasa bayan cin abinci, a rage fushi, a zauna da miƙaƙƙen baya, a ja numfashi sannu har ya kai tanden. Abin lura a nan, bai ware numfashi shi kaɗai ba. Ya sa shi cikin jerin abinci da barci da motsa jiki.

Na biyu shi ne Hakuin Ekaku, malamin addinin Buda, wanda ya rayu daga 1686 zuwa 1769. Yana saurayi ya matsa wa kansa da karatu da doguwar zama ba hutu, har jikinsa ya lalace. Yadda ya ba da labari, kansa da ƙirjinsa suna zafi, ƙafafunsa sun yi sanyi ƙalau, kunnuwansa suna ƙara, gumi ba ya yankewa, tsoro kuma ba ya barinsa ko cikin barci. Masu magani suka kasa. Ya ce daga baya ya sami wani tsoho mai suna Hakuyu, mazaunin kogo a duwatsun Shirakawa kusa da birnin Kyoto, shi ya koya masa dabaru biyu.

Dabara ta fari, mutum ya kwanta rigingine kafin barci, ya miƙe ƙafafu, ya tattara hankalinsa da numfashinsa daga cibiya zuwa mara har tafin ƙafa. Ta biyu, ya zauna ya riya a ransa cewa an aza masa curin man shanu kamar girman ƙwan agwagwa a tsakiyar ka, yana narkewa da ɗumi, yana gangarowa ta kafaɗu da ƙirji da ciki har ƙafafu, yana tausasa duk inda ya bi. Hakuin ya samu sauƙi, ya yi tsawon rai fiye da shekara 80, kuma a 1757 ya buga labarin cikin littafinsa Yasen Kanna. Littafin ya bazu ƙwarai, marasa lafiya suka riƙe shi, malaman takobi ma suka ɗauki koyarwarsa suka kai fagen horo.

A fagen kokowa da takobi

Sumo ita ce kokowar gargajiya ta Japon. Ana yin ta cikin da'ira mai faɗin mita 4 da santimita 55. Alƙali ba ya busa usur don a fara. Ƴan kokowa biyu sukan tsuguna suna fuskantar juna, su dafa ƙasa da dunƙulen hannu, kowa yana lura da numfashin abokin karawarsa. Sai numfashinsu ya zo daidai su zabura tare. In ɗaya ya riga ɗaya, a sake. Masu kallon kokowa a filayen Maraɗi da Tawa da Damagaram da Yamai sun san wannan sirri ko ba a faɗa musu ba: ɗan kokowar da ya fara haki da buɗaɗɗen baki, ƙafarsa ta kusa barin ƙasa.

A wasan takobi da ake kira kendo, inda ake karawa da sandar gora, ana koya wa almajiri cewa mutum yana da rauni sa'ad da yake shaƙar iska, yana da ƙarfi sa'ad da yake fitar da ita. Don haka gwani yakan kai sara daidai lokacin da abokin karawarsa ke shaƙa, shi kuma ya ɓoye nasa numfashi. Mai numfashi da ƙirji kafaɗunsa suna ɗagawa, suna tona masa asiri. Mai numfashi da ciki ba a ganin komai a jikinsa. Ihun da suke yi wajen sara sunansa kiai, daga mara yake fitowa. Alƙalai ba sa lissafa sara sai ihu da sanda da takun ƙafa sun sauka tare.

Maharba da baka, masu wasan kyudo, bakansu ya wuce mita 2 tsawo, abin da suke auna kuma faɗinsa santimita 36 ne, yana nesa da mita 28. Tun daga tsayuwa har ɗaga baka da jan tsirkiya, kowane motsi yana tafiya da shaƙa ko fitarwa. In numfashi ya rikice, hannu ya yi rawa, kibiya ta bauɗe.

Karate kuwa daga tsibirin Okinawa ta fito. Ɗaya daga manyan malamanta, Chojun Miyagi, wanda ya rayu daga 1888 zuwa 1953, ya aza makarantarsa bisa wani horo mai suna sanchin. Almajiri yakan ɗaure naman jikinsa tamau, yana takawa sannu, yana fitar da iska da ƙarfi har ana jin ƙararta. Malami ya bi shi yana bugun kafaɗa da cinya don ya ga ko jikin ya ɗauru. Wannan numfashi mai ƙarfi na matasa ne masu horo, za mu koma kansa wajen gargaɗi.

Wanda ya fi kusa da mu manoma shi ne Morihei Ueshiba, wanda ya ƙirƙiro wasan aikido. An haife shi a 1883, ya rasu a 1969. A 1912 ya jagoranci iyalai fiye da 50 zuwa Shirataki, a tsibirin Hokkaido mai tsananin sanyi, suka sare daji suka kafa gonaki. A 1942 ya bar birnin Tokyo ya koma ƙauyen Iwama, yana noma yana koyarwa, yana cewa noma da horon yaƙi tafiyarsu ɗaya. A makarantarsa akwai wani gwaji da ake yi har yau: mutum biyu su durƙusa gaba da gaba, ɗaya ya riƙe wuyan hannun ɗaya gam. Wanda aka riƙe, in ya yi kokowa da ƙarfin dantse ba ya motsa abokinsa. In ya saki kafaɗu, ya fitar da numfashi, ya tura daga ƙugu, sai abokin ya kife. Almajirinsa Koichi Tohei, wanda ciwon ƙirji ya kwantar da shi yana yaro, ya kafa ƙungiyar nazarin ki a 1971, yana koyar da dogon numfashi ga ƴan wasa da waɗanda ba ƴan wasa ba.

Abin da likitoci suka gani

Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani faffaɗan nama mai kama da ƙwarya a kife. Mahauta sun san shi a jikin dabba. Bari mu kira shi shamaki. In ya ɗauru sai ya sauka ƙasa, huhu ya buɗe, iska ta shiga, ciki ya turo gaba. In ya saki sai ya koma sama, iska ta fita. Aikinsa kamar zugazugin maƙeri ne, kuma shi ke ɗaukar mafi yawan aikin numfashi in mutum yana hutawa. Ku dubi jariri yana barci, cikinsa ne ke hawa yana sauka. Mai tsoro ko mai fushi kuwa yakan koma gajeren numfashi na ƙirji, yana jan iska da naman wuya da kafaɗa, shi ya sa yake saurin gajiya.

Abu na biyu, akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya, ta kai zuciya da hanji. Ita ce linzamin zuciya. Sa'ad da mutum ke shaƙa, bugun zuciya yakan ɗan ƙara sauri, sa'ad da yake fitarwa kuma linzamin ya kama, bugun ya ragu. Kowa yana iya gwadawa: ya dafa jijiyar wuyan hannunsa, ya ja dogon numfashi, ya saki sannu, zai ji bambanci, musamman in matashi ne. Binciken likitoci ya nuna cewa numfashi kamar sau 6 a minti yana rage fargaba, yana taimaka wa barci, yana kuma sauke hawan jini kaɗan. Mu riƙe wannan kalma, kaɗan.

Abu na uku, iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 okisijan ce, wato iskar da jini ke ɗauka ya kai wa gaɓoɓi. Wadda muke fitarwa tana da sauran kamar kashi 16. Jinin mai lafiya kusan cike yake da okisijan ko bai yi wata dabara ba. Ashe amfanin numfashin ciki ba yawan iska ba ne, sannu a hankalin ne.

Abu na huɗu, in shamaki ya sauka, naman ciki kuma ya ɗauru, ciki yakan zama kamar buhun da aka cika da hatsi. Buhun wofi ba ya tsayuwa, cikakke kuwa yana tsayuwa har a jingina masa wani. Haka ciki ke tallafar ƙashin baya in mutum zai ɗaga kaya ko zai ture abokin kokowa. Nan ne asalin ƙarfin da ƴan wasan Japon ke cewa daga tanden yake fitowa. Amma ki a matsayin wani ƙarfi na daban, wanda ake zuba wa wani ko a jefa masa daga nesa, binciken kimiyya bai same shi ba.

Inda ƙarfin numfashi ya tsaya

A farkon ƙarni na 20, tarin fuka ya addabi Japon, musamman ƴan mata masu aiki a masaƙu da samari a barikin soja. Maganinsa bai fito ba tukuna. Mutane suka yi ta neman mafita, makarantun numfashi suka yawaita. Cikin masu koyarwa har da babban likita, Futaki Kenzo, masanin cututtuka masu yaɗuwa, wanda ya yi ta kira ga numfashin ciki da cin shinkafar da ba a surfe ba, ya kuma rayu daga 1873 zuwa 1966.

Wanda ya fi su tashe a lokacin shi ne Okada Torajiro, haifaffen 1872. Ma'aikacin gona ne tun asali, ya yi aiki a kan tsutsar da ke ɓata shinkafa. Daga baya ya koma koyar da zama shiru da numfashin ciki a birnin Tokyo. Dubban mutane suka bi shi, har da malaman jami'a da manyan ƙasa, da yawansu suna ganin wanda ya riƙe hanyarsa ciwo ba zai kusance shi ba. Shi kuwa yana yawo daga wannan taro zuwa wancan tun asuba har dare. A 1920 ciwon ƙoda ya kashe shi farat ɗaya, bai kai shekara 50 ba. Mabiyansa suka ruɗe, mafi yawansu suka watse. Numfashin da ya koyar bai zama ƙarya ba saboda mutuwarsa, nauyin da aka aza masa ne ya fi ƙarfinsa.

Tarin fuka ma bai ji tsoron makarantun numfashi ba. Kusan daga 1935 har 1950 shi ne ya fi kowace cuta kisa a Japon. Abin da ya karya shi shi ne maganin da ke kashe ƙwayar cutar, wanda ya samu bayan yaƙin duniya na biyu, da dokar 1951 ta yaƙi da cutar, da hoton ƙirji, da rigakafin BCG, da ƙaruwar abinci mai kyau.

Akwai kuma hanyar da ake kira reiki, wadda Mikao Usui ya soma koyarwa a 1922. Mai yin ta yakan ja numfashi zuwa tanden, sa'an nan ya aza hannu a jikin majinyaci, da cewa yana zuba masa ƙarfi. Ta bi ta tsibirin Hawai ta shiga Amurka da Turai. Wanda aka yi wa yana iya jin daɗi, don zama shiru da kulawa suna sanyaya rai, amma bincike bai tabbatar da cewa tana warkar da wata cuta ba. Duk wanda ya zo muku da irin wannan, ya ce ku ajiye maganin likita ku biya shi, ku riƙe kuɗinku ku riƙe maganinku.

Yadda ake yi

Wasu za su tambaya ko abin bai shafi addinin mutanen can ba. Abin da za mu kwatanta a nan aikin jiki ne kawai, babu wani karatu ko bauta a cikinsa. Irinsa ake koya wa masu ciwon huhu da mata masu shirin haihuwa a gidajen likita na ƙasashe da dama.

Na ɗaya, a zaɓi wuri mai iska mai kyau, nesa da hayaƙin murhu da ƙura. Da sassafe ko bayan an yi shirin kwana ya fi, kada a yi da cikakken ciki.

Na biyu, a kwanta rigingine bisa tabarma a ɗan tanƙwashe gwiwa, ko a zauna da miƙaƙƙen baya. A sassauta ɗamara ko zane. A aza hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ƙasa da cibiya.

Na uku, a fara da fitarwa, kamar yadda malaman Japon ke yi, don tulun da ba a juye ba ba ya karɓar sabon ruwa. A fitar da iska sannu ta hanci, ko ta baki kamar mai hura kunu mai zafi, ana ƙidaya a zuci daga 1 zuwa 6. Ciki zai lotsa.

Na huɗu, a shaƙa ta hanci ana ƙidaya daga 1 zuwa 4. Hannun da ke ciki shi zai ɗaga, na ƙirji ya kusa zama wuri ɗaya, kafaɗu kuma kada su motsa. Hanci yana tace ƙura, yana ɗumama iska, yana jiƙa ta kafin ta kai huhu.

Na biyar, a ci gaba haka minti 5, safe da dare. In an saba a kai minti 10. Wanda ƙidayar ta yi masa tsawo ya rage, 3 wajen shaƙa, 4 wajen fitarwa. Ba a ƙoƙari, ba a yunƙuri. Sannu ba ta hana zuwa.

A gona da cikin gida

Dokar ƴan takobi ita ce dokar aiki: a shaƙa wajen ɗagawa, a fitar wajen saukewa. Mai huɗa da galma, da mai faskare, da mai daka, duk sukan saki iska daidai lokacin bugu, shi ne nishin da muke ji a bakin turmi. Wanda ya daidaita numfashinsa da hannunsa ya fi jimrewa. Mai ɗaga buhu ko dami ya matso kusa da kayan, ya tanƙwashe gwiwa, ya shaƙa, ya ɗaure ciki, ya miƙe yana fitar da iska, kada ya sunkuya da baya kawai. Wanda rai ya ɓace masa, a kasuwa ko a kan iyakar gona, ya fitar da dogon numfashi sau 5 kafin ya buɗe baki. Sau da yawa maganar da za ta fito bayan nan ba ita ce wadda za ta fito da fari ba.

Gargaɗi

Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai gwaiwa, da mace mai ciki, kada su yi numfashi mai ƙarfi irin na ƴan karate, kada kuma su riƙe numfashi suna yunƙuri, don yana tayar da jini nan take. Kada kowa ya yi ta jan iska da sauri da sauri, yana kawo jiri da mutuwar yatsu, har mutum ya faɗi. In an ji jiri, a tsaya a koma numfashin da aka saba. Ba a yin wannan horo a bakin rijiya, ko cikin ruwa, ko bisa babur. Mai feshin maganin ƙwari kuwa, abin da zai cece shi shi ne rufe hanci da baki da juya wa iska baya, dogon numfashi a wurin nan guba yake ƙara masa.

Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa da awon jininsa. Mai fuka kada ya rabu da abin shaƙarsa. Wanda ya yi tari sama da mako 2, ko yana tofar da jini, ko yana rama da gumin dare, ya je gidan likita a auna majinarsa. Tarin fuka yana warkewa in an sha magani wata 6 ba fashi.

Akwai wani ilimin numfashi da ya fi duk waɗannan gaggawa ga iyaye, shi ne ƙidaya numfashin yaro mai tari ko zazzaɓi. A buɗe ƙirjinsa yana kwance shiru, a ƙidaya minti guda cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya yi 60 ko fiye. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara 1, in ya yi 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya yi 40 ko fiye, alamar ciwon huhu ce. Haka in ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki sa'ad da yake shaƙa. A kai shi likita a ranar, kada a jira wayewar gari.

Ƴan'uwa, gonar da mutanen Japon suka ce tana ƙarƙashin cibiya kowa yana da tasa, ba a saye, ba a aro, ba ta bukatar taki. Wanda ya ba ta minti 5 safe da dare zai ga amfaninta a barcinsa da aikinsa da haƙurinsa da iyali. Ranar da ciwo ya zo kuwa, ya ɗauki hanyar gidan likita tun da wuri. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma gwada tare a ajin yaƙi da jahilci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.